FASHIN BAƘI: Alƙaluman wata, na yini ko na sa'a? Yadda ake zaɓen bayanan hasashen yanayi da suka dace da kowane bincike

A ranar Talata 1 ga Satumba, 2009, ruwan sama ya kece a Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, kuma cikin sa'o'in da ba su wuce 12 ba aka auna fiye da milimita 260, wato kusan kashi ɗaya bisa uku na abin da birnin ya saba samu a shekara guda. Gidaje sun rushe, ruwa ya shiga babban asibitin birnin, dubun dubatar mutane kuma suka kwana a makarantu da wuraren ibada.

Idan aka ɗauki wannan ruwa aka raba shi daidai a kan kwanaki 30 na watan, abin da zai fito bai kai milimita 9 a kowace rana ba. Ruwa ne da manomi zai yi farin ciki da shi, kuma babu kwalbatin da zai gaza ɗaukarsa. Jimillar ruwan ba ta sauya ba. Tazarar lokacin da aka auna shi a kai ce ta sauya, ita ce kuma ta ɓoye bala'in.

A kan wannan batu ne ingancin bincike da yawa kan illar sauyin yanayi ya rataya. Gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji da bankunan raya ƙasa suna ɗora shawarwarinsu kan rahotannin da ke hasashen yadda noma, ruwa, lafiya da lantarki za su kasance nan da shekara 30 ko 50. Kowane irin wannan rahoto ya dogara da alƙaluman da manhajojin kwaikwayon yanayi suka fitar, kuma kowane mai bincike sai ya yanke shawara tun farko: na wata-wata zai ɗauka, ko na kullum, ko na sa'a-sa'a?

Yadda alƙaluman ke samuwa

Manhajar kwaikwayon yanayi tana raba sararin duniya da tekuna zuwa gidaje kamar na dara, sannan ta riƙa lissafa motsin iska, zafi da danshi daga gida zuwa gida bisa ƙa'idojin kimiyyar fiziks. Lissafin yana tafiya ne taki-taki, kuma a ɓangaren sararin sama kowane taki bai cika wuce minti 30 ba. Sai dai ba a adana sakamakon kowane taki, domin babu rumbun da zai iya ɗaukarsa. Ana dunƙule shi ne zuwa matsakaicin wata, na yini, na sa'a shida, na sa'a uku, a wasu lokuta kuma na sa'a ɗaya.

Babbar taskar irin waɗannan bayanai ita ce CMIP6, haɗin gwiwar cibiyoyin bincike daga ƙasashe da dama a ƙarƙashin Shirin Binciken Yanayi na Duniya, wadda rahoton kwamitin IPCC na watan Agustan 2021 ya dogara da ita. Gidajen manhajojinta manya ne, galibi kilomita 100 ko fiye a kowane gefe. Domin a kusanto da hoton, shirin CORDEX, wanda aka ƙaddamar a 2009, yana sake lissafin a kan nahiyoyi ɗaiɗai, kuma na Afirka ya fito da gidajen kimanin kilomita 50, daga baya kuma na kilomita 25. Akwai kuma shirin ISIMIP, wanda cibiyar binciken yanayi ta Potsdam a Jamus ke cikin masu jagorantarsa, da ke gyara karkatar alƙaluman ya miƙa su ga masu binciken illa a matsayin bayanan kullum.

Duk lokacin da tazarar ta ƙara gajarta, zaɓin mai bincike yana ƙara ƙuntata. Kusan kowace manhaja tana bayar da alƙaluman wata. Na kullum sun fi ƙaranci, na sa'a uku kuma wasu manhajoji ne kawai suka adana, su ma ba a kan kowane ma'auni ba. Nauyin bayanan shi ma yana hauhawa: shekara guda tana da alƙalami 12 a lissafin wata, 365 a na kullum, 2,920 a na sa'a uku, da 8,760 a na sa'a ɗaya. Abin da za a sauke a bayanan sa'a ya ninka na wata sau 730, kuma wannan ba ƙaramin cikas ba ne ga ɗalibi ko ma'aikacin da ke aiki da intanet mai tsada da wutar da ba ta tsayawa.

Ƙa'idar zaɓi

Ƙa'idar da masana suka fi yarda da ita tana farawa ne daga abin da ake tsoron ya lalace. Ana tambaya: cikin wane tsawon lokaci wannan abu ke amsa sauyin yanayi? Tazarar bayanan da za a ɗauka sai ta kasance ƙasa da wannan lokaci. Magudanar ruwa a cikin gari tana cika cikin mintuna. Shukar gero tana jin ƙishirwa cikin kwanaki. Babban tafki kuwa yana ɗaukar watanni ko shekaru kafin ya nuna alamar raguwa.

Dalili na biyu shi ne, yawancin illolin yanayi suna da ƙofa. Ƙasa da wani adadi babu ɓarna, da an haye shi kuwa ɓarnar sai ta taso da sauri. Matsakaici yana shafe ranakun da aka haye ƙofar, domin yana gauraya su da ranakun da ba a kai ba.

Inda alƙaluman wata suka wadatar

Akwai tambayoyin da bayanan wata ke amsawa ba tare da tangarɗa ba. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 kafin ya ƙafe matuƙa a farin shekarun 1970 da 1980, yana bin jimillar ruwan da kogunan Chari da Logone ke kawowa a damina bayan damina. Ruwan yini ɗaya ba ya sauya masa komai. Haka ma madatsar Kainji da aka kammala a 1968: ruwan da ke sauka a tsaunukan Gini yana shafe watanni yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso Yamai a tsakiyar hunturu, sannan ya wuce Najeriya. Mai lissafin wutar da irin wannan madatsa za ta iya samarwa a shekara zai iya aiki da bayanan wata.

Ma'aunin fari na SPI, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1993 kuma Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi, an gina shi ne a kan jimillar ruwan wata ɗaya, uku, shida ko 12. Haka nan taswirar yankunan da wata bishiya ko wani amfanin gona zai iya rayuwa a cikinsu, galibi da matsakaicin wata ake zana ta. Fa'idar wannan mataki ita ce mai bincike zai iya kwatanta manhajoji masu yawa, ya ga inda suka yi ittifaƙi da inda suka saɓa. A yankin Sahel wannan kwatanci yana da muhimmanci, domin manhajoji ba su daidaita ba kan yawan ruwan da za a samu nan gaba.

Noma: aikin kullum ne

Manomi bai damu da jimillar wata kamar yadda ya damu da rabon kwanaki ba. A ɗauki milimita 150 a watan Yuli. Idan ya sauka sau goma, milimita 15 duk bayan kwana uku, gona za ta yi kyau. Idan kuwa ya sauka sau uku a makon farko, sannan sama ta ɗauke har ƙarshen wata, shuka za ta ƙone, a sake neman iri. A takardar alƙaluman wata, waɗannan damina biyu iri ɗaya ne.

Ma'anar faɗuwar damina ita kanta ta kullum ce. Ƙa'idar da masanin yanayin noma M.V.K. Sivakumar ya wallafa a 1988, lokacin yana aiki a cibiyar ICRISAT ta Nijar, ta ce damina ta kankama ne idan bayan 1 ga Mayu aka samu aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a samu tsaikon ruwa na fiye da kwana bakwai ba cikin kwana 30 da suka biyo baya. Babu yadda za a fitar da wannan rana daga jimillar wata. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara a Najeriya, da wanda cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke shiryawa don ƙasashen Sahel, duk suna magana ne a kan ranar farawa, ranar ɗaukewa da tsawon kwanakin tsaiko.

Zafi ma haka yake. Wani bincike da David Lobell da abokan aikinsa suka wallafa a 2011, wanda ya tattara gwaje-gwajen masara fiye da 20,000 a Afirka, ya gano cewa kowane digiri ɗaya da aka haye 30 na tsawon yini guda yana rage amfanin da kashi 1 cikin 100 idan ruwa ya wadata, da kashi 1.7 idan ana fari. Wata mai matsakaicin digiri 28 yana iya ƙunsar ranaku da yawa da zafin rana ya haura 35, kuma idan sun faɗo lokacin da masara ke fitar da bunu da gemu, hasarar ta riga ta auku. Wannan ya sa manhajojin kwaikwayon amfanin gona irin su DSSAT, APSIM da SARRA-H suke buƙatar bayanan kullum: ruwa, mafi tsananin zafi, mafi ƙarancinsa da hasken rana. Manhajojin hasashen zazzaɓin cizon sauro su ma da bayanan kullum suke aiki, domin kududdufin da sauro ke ƙyanƙyasa a ciki yana iya bushewa kafin tsutsa ta girma.

Ambaliyar cikin gari: sa'a da minti

Mafi yawan ruwan Sahel yana zuwa ne daga manyan haduran da ke tasowa daga gabas da guguwa, su zubar da ruwa mai ƙarfi cikin sa'a ɗaya ko biyu, sannan yayyafi ya biyo baya. Binciken da Christopher Taylor ya jagoranta, wanda mujallar Nature ta wallafa a 2017, ya nuna cewa yawan mafi tsananin waɗannan hadura ya ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Iska tana ƙara ɗaukar danshi da kimanin kashi 7 cikin 100 a kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi, kuma ma'aunai a wasu wurare, ciki har da Holan, sun nuna ruwan sa'a ɗaya yana iya ƙaruwa da kusan ninki biyu na wannan adadi.

Injiniyan da zai tsara kwalbati ko gada yana aiki ne da jadawalin da ke nuna ƙarfin ruwan da ake sa ran samu cikin minti 15, ko 30, ko sa'a ɗaya, sau ɗaya a shekara 10 ko 50. Milimita 80 da suka sauka a hankali cikin sa'a 24 ƙasa za ta shanye mafi yawansu. Idan suka sauka cikin minti 45 a unguwar da aka shafe da siminti, hanya ce za ta koma kogi. Ambaliyar da ta afka wa garin Mokwa a Jihar Neja a ƙarshen watan Mayun 2025, inda sama da mutum 150 suka rasu, ta biyo bayan ruwan dare ɗaya ne. Ambaliyar kogi irin ta 2012 da ta 2022 a gaɓar Binuwai da Neja kuwa tana taruwa ne cikin kwanaki da makonni, don haka bayanan kullum suna iya wadatar da mai nazarinta. Kalmar ambaliya ɗaya ce, amma bayanan da kowacce ke buƙata daban ne.

Zafin jiki da wutar lantarki

A farkon watan Afrilun 2024, a cikin azumin Ramadan, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma masu binciken ƙungiyar World Weather Attribution sun jaddada cewa rashin saukar zafin da daddare ya ƙara tsananta illar. Jikin ɗan Adam yana jin zafi da danshi ne a lokaci guda, alhali su biyun ba sa kai ƙololuwa tare: danshi ya fi yawa da asuba, zafi kuma bayan azahar. Mai binciken da ya haɗa mafi tsananin zafin yini da matsakaicin danshin yini zai fito da yanayin da babu wanda ya taɓa shiga cikinsa. Don a san sa'o'i nawa ne leburan gini ko manomi zai iya aiki a rana ba tare da haɗari ba, sai da bayanan sa'a ɗaya ko uku.

Lantarki ma dole ne samarwa da buƙata su daidaita a kowane lokaci. Hasken rana yana ƙarewa da magariba, daidai lokacin da buƙatar gidaje ke tashi, kuma girman batirin da za a saya ya dogara ne da wannan giɓi. A ɓangaren iska, ƙarfin da injin ke samu yana bin saurin iska ne idan an ninka shi da kansa sau uku. Iskar da ke gudun mita 2 a daƙiƙa rabin yini, da mita 8 a sauran rabin, matsakaicinta 5 ne. Lissafi da matsakaicin zai ba da 125, lissafi da sa'o'in gaskiya kuma zai ba da 260, fiye da ninki biyu.

Tarkon bayanai masu gajeriyar tazara

Samun alƙaluman sa'a-sa'a ba ya nufin an samu gaskiyar sa'a-sa'a. Manhajar da gidanta ya kai kilomita 100 ba ta iya ganin hadari guda, sai dai ta ƙiyasta shi da wata dabara ta lissafi. Sakamakon haka sanannu ne: ruwa yana sauka sau da yawa fiye da ƙima amma da rauni, kuma yakan sauka da tsakar rana, alhali a Sahel ya fi sauka da yamma ko cikin dare. Alƙalamin gida guda kuma matsakaici ne na faɗin ƙasa mai yawa, don haka ba zai taɓa kai abin da ma'aunin ruwa ɗaya zai nuna a ƙarƙashin hadari ba.

Hukumar yanayi ta Birtaniya ta gwada maganin wannan da manhajar CP4-Africa, mai gidajen kimanin kilomita 4.5, wadda ke kwaikwayon hadari kai tsaye a faɗin nahiyar. Sakamakon da Elizabeth Kendon da abokan aikinta suka wallafa a 2019 ya nuna ƙaruwar ruwa mai ƙarfi na sa'a uku fiye da yadda manhajar kilomita 25 ta nuna, tare da ƙarin tsawon tsaikon ruwa a tsakiyar damina a yammaci da tsakiyar Afirka. Amma saboda tsadar lissafi, shekara goma kacal aka kwaikwaya na zamanin yanzu da goma na ƙarshen ƙarni, da manhaja ɗaya. Ƙa'idar Hukumar Yanayi ta Duniya kuwa shekara 30 ce, kamar 1991 zuwa 2020. Wanda ya zaɓi kaifin hoto ya rasa tsawon tarihi da yawan shaidu.

Akwai kuma ƙananan kurakurai masu babbar illa. Wasu manhajojin Birtaniya suna amfani da shekara mai kwana 360, kowane wata kwana 30, wasu kuma ba su da 29 ga Fabrairu. Ana rubuta lokaci da agogon duniya na UTC, wanda ke bayan agogon Najeriya da Nijar da sa'a ɗaya, kuma yinin manhaja yakan fara da tsakar dare alhali tashoshin ƙasa da safe suke karanta ma'aunin ruwa. Ruwan kuma ana bayar da shi ne a matsayin adadi a kowace daƙiƙa: a ninka da 86,400 don yini, da 10,800 don sa'a uku. Wanda ya musanya waɗannan lambobi biyu ya ninka ruwan ƙasa sau takwas.

Idan bayanan da ake buƙata babu su

Masu bincike kan karkasa alƙaluman wata zuwa na kullum, ko na kullum zuwa na sa'a, da dabarun ƙididdiga. Manhajoji irin su WGEN, LARS-WG da MarkSim suna ƙirƙiro jerin kwanaki masu kama da na tarihin wurin. Wata hanyar kuma ita ce a ɗauki tarihin tashar, a ƙara masa sauyin da aka hasaso na kowane wata. Duk waɗannan suna ɗauka cewa rabon ruwa a cikin wata ko yini zai ci gaba da zama yadda yake a da, alhali shi ne abin da binciken Taylor da na Kendon suka nuna yana sauyawa. Hanyar ƙara sauyin wata ba za ta taɓa haifar da tsaikon ruwan da ya fi na tarihi tsawo ba, domin kwanakin da ba a yi ruwa ba suna nan yadda suke.

Kowace dabara kuma tana buƙatar ma'aunin ƙasa da za a gwada ta da shi, wanda ya yi ƙaranci a Afirka. Taskar ERA5 ta Turai tana bayar da bayanan sa'a-sa'a tun daga 1940 a gidajen kimanin kilomita 31, amma haɗi ce na ma'auni da lissafin manhaja. CHIRPS tana bayar da ruwan kullum tun 1981, IMERG ta hukumar NASA kuma na kowane rabin sa'a, dukansu da taimakon tauraron ɗan Adam. Ma'aunan ƙasa masu rubuta ruwa minti-minti na dogon zango kaɗan ne, kuma daga cikin fitattu akwai na shirin AMMA-CATCH a kewayen Yamai, waɗanda suka fara aiki tun wajajen 1990.

Abin da ya kamata a duba a rahoto

Jami'in da zai sa hannu a kwangilar magudanar ruwa, ko ɗan majalisar da ke duba kasafin ma'aikatar muhalli, ko ɗan jaridar da rahoton ƙwararru ya faɗo hannunsa, zai iya gane ingancin aikin daga sashen da ke bayanin hanyar bincike. Ya kamata sashen ya faɗi tazarar bayanan da aka yi amfani da su, da ko daga manhaja suka fito a haka ko karkasa su aka yi. Ya kamata ya ambaci manhajoji nawa aka kwatanta, shekaru nawa aka duba, da tashar da aka gwada sakamakon da ita.

Rahoton da ya yi alƙawarin ranar shuka ta shekarar 2050 daga matsakaicin wata, ko ya ƙayyade faɗin kwalbati daga ruwan kullum ba tare da bayanin yadda aka kai ga ruwan sa'a ba, ya amsa wata tambaya ce daban da wadda aka biya shi ya amsa. A irin wannan hali, abin da ya dace shi ne a mayar da shi ga waɗanda suka rubuta shi kafin a zuba siminti ko a raba iri.